Daidaita Lokaci a Kwamfuta Mai Ayyuka da Yawa, da Misalai daga Ƙasar Batsari da Safana

1. Manufa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana da Hausa yadda kwamfuta ta ke sanin lokaci, da abin da ya ke sa agogonta ya saɓa da na 'yar'uwarta, da kuma dabarun da masana suka ƙago domin su daidaita su. Za mu fi mai da hankali ga irin kwamfutar da ta ke riƙe da ayyuka da yawa a lokaci guda, domin a wurinta wuyar ta fi yawa, kuma irinta ce a yau ta ke cikin aljihun mutane da sunan wayar hannu. Mun ɗauki misalanmu daga ƙasar Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, saboda a shekarar 1921 babu wanda zai damu da saɓanin minti 5 a can, amma a shekarar 2021 an yanke musu hanyar da wayoyinsu su ke samun gyaran lokaci, aka bar kowane agogo da halinsa. A ƙarshe za mu duba kalmomin da malami zai yi amfani da su in ya zo koyar da wannan abu a aji.

2. Rana da agogo

Tun kafin agogo ya shigo, Bahaushe yana da nasa ma'aunin yini. Akwai asuba, da sassafe, da hantsi, da walaha, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da la'asar sakaliya, da almuru, da lisha, da talatainin dare. In abu ya kusa sai a ce goshinsa, kamar goshin azahar ko goshin magariba. Ladan ya kan dubi inuwa da rana, ya dubi taurari da dare. Duk waɗannan ma'aunai na wuri ɗaya ne, watau kowane gari da tasa rana tsaka.

Agogo kuwa ba haka ya ke ba. A taron da aka yi a birnin Washinton a 1884 aka amince a riƙa ƙidaya layukan tsaye na duniya daga Girinwic ta Ingila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shi kuwa jirgi ba ya tafiya da rana tsakar kowane gari, sai da lokaci guda daga tasha zuwa tasha. Tun 1919 Nijeriya ta tsaya a kan lokacin da ya ke gaba da na Girinwic da awa 1. Wannan lokaci ya yi daidai da rana ne a kan layi na 15 gabas da Girinwic, can wajen gabashin Tafkin Chadi. Batsari kuwa tana kusa da layi na 7 da kwata. Duniya ta kan juya digiri 1 cikin minti 4, saboda haka rana tsaka a Batsari ta kan makara ga agogo da wajen minti 31. Har wa yau wannan ba ya tsayawa wuri ɗaya duk shekara, domin tafiyar duniya a kewayen rana ba da sauri ɗaya ta ke ba, kuma a karkace ta ke juyawa. A farkon Nuwamba rana ta kan kai tsaka a Batsari wajen ƙarfe 12 da kwata, a tsakiyar Fabrairu kuwa sai wajen ƙarfe 1 saura kwata.

Tsakanin Batsari da Safana bambancin rana tsaka bai kai minti 1 ba. Amma rana ta kan riga faɗuwa a Kano da kimanin minti 5, a Maiduguri da wajen minti 24, a Sakkwato kuwa ta kan yi jinkiri da kimanin minti 8. To, mai azumi a Ruma ko a Runka, in ya ji kiran sallar magariba a rediyo daga Kano ya kai dabino baki, ya sha ruwa da sauran rana. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe: agogo yarjejeniya ce tsakanin mutane, kuma amfaninsa duka yana ga cewa kowa ya yarda da abu ɗaya.

3. Agogon da ya ke cikin na'ura

Kowane agogo abu biyu ne a haɗe: abin da ya ke kaɗawa ba fasawa, da abin da ya ke ƙidaya kaɗawar. A agogon bango na dā lilo ne ya ke kaɗawa, ƙafafun haƙora su yi ƙidaya. A cikin waya da kwamfuta kuwa wani ɗan ƙanƙanin dutse ne, dangin farar ƙanƙara, wanda masana su ke kira kwats. In an ba shi wutar lantarki sai ya riƙa karkarwa. Wanda a ke sa wa agogon hannu da na'urori da yawa an yanka shi ne domin ya yi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. An zaɓi wannan adadi ne domin in aka yi ta raba shi biyu har sau 15 zai dawo 1 daidai, rabawa biyu kuwa ita ce aikin da ya fi sauƙi ga na'ura.

Amma fa babu dutse biyu da aka yanka daidai wa daida. Irin na kasuwa ya kan yi kuskuren da ya kai kashi 20 cikin miliyan. Wannan a ido kamar ba kome ba ne, amma yini da kwana sakan 86,400 ne, saboda haka kuskuren ya kan kai sakan 1.7 kowace rana, watau wajen minti 2 da rabi cikin wata 3. Sa'an nan ga zafi da sanyi. Irin wannan dutse ya fi tafiya daidai a ma'aunin zafi 25. In zafi ya hau 40, kamar yadda ya ke yi a ƙasar Katsina da bazara, sai karkarwarsa ta ragu, agogo ya ƙara makara da fiye da rabin sakan a rana. In kuma sanyin hunturu ya sauko da dare, nan ma makara zai yi, domin ko ta wane gefe aka kauce wa 25 raguwa ce. Ashe ke nan agogon na'ura ba ya iya riƙe gaskiya shi kaɗai, dole a sami wanda zai riƙa gyara masa.

Wanda a ke komawa gare shi shi ne agogon ƙwayar zarra. Tun 1967 masana suka daina auna sakan da juyawar duniya, suka ce sakan shi ne tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ya ke fitowa daga ƙwayar wani ƙarfe mai suna siziyom. Ofishin awo na duniya da ya ke kusa da Faris ta Faransa shi ya ke tattara ƙidayar ɗaruruwan irin waɗannan agogai daga ƙasashe dabam dabam, ya fitar da lokacin duniya da a ke kira UTC. Lokacin Nijeriya da na Nijar shi ne UTC a ƙara awa 1. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda aka fara harbawa a 1978, kowannensu yana ɗauke da agogon zarra, suna kuma watso lokaci zuwa ƙasa dare da rana. Aikin da ya rage shi ne yadda za a ɗauko wannan lokaci a kai shi cikin kwamfuta ba tare da ya lalace a hanya ba.

4. Kwamfuta mai ayyuka da yawa

Mai waya yana ganin kamar tana yin abu goma a lokaci guda: tana kiɗa, tana karɓar saƙo, tana nuna hoto, tana lura da batir. Haƙiƙa kuwa ƙwaƙwalwa ɗaya ta kwamfuta aiki ɗaya ta ke yi a kowane ƙiftawa. Abin da ya ke faruwa shi ne, babbar manhajar da ta ke tafiyar da na'urar, irin su Linux da Windows da Android, tana da wani sashe da za mu kira mai rabon aiki. Shi ya ke ba wannan aiki ɗan lokaci, ya dakatar da shi, ya ba wancan, ya dawo, da saurin da ido ba ya gani. An fara gwada wannan tsari a Amurka tun 1961, Unix ta biyo baya a 1969, Linux a 1991, ita kuwa Android a kan Linux aka gina ta. Ko da ya ke na'urorin yanzu suna da ƙwaƙwalwa 4 ko 8, ayyukan da su ke jiran layi sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Abin ya yi kama da hakimi a zaurensa ranar da jama'a suka taru. Ga mai ƙarar gona, ga mai maganar gado, ga ɗan aike daga birni. Hakimi ɗaya ne, kowa sai ya jira a kira shi. In wani abu na gaggawa ya taso, kamar saƙo ya iso ta intanet ko an taɓa allon waya, sai a yi sallama a ƙofa, a katse wanda ya ke magana, a saurari mai gaggawa, kana a koma. Shi kansa agogo da irin wannan sallama a ke ƙidaya shi a tsarin dā: kowane ɗan lokaci sai ya katse aiki a ƙara ƙidaya. A Windows an saba da sau 64 a sakan, a Linux sau 100 ko 250 ko 1,000. Na'urorin yanzu suna da wata ƙidaya a cikin ƙwaƙwalwa wadda a ke iya karantawa kai tsaye, mai rarrabe kashi 1 cikin biliyan na sakan. Amma iya karanta agogo da kyau bai kawar da matsala ba, domin manhajar da za ta karanta shi ba ta da ikon cewa yanzu za a kira ta. Tana iya jiran kashi 1 cikin miliyan na sakan, tana iya jiran kashi 10 cikin 1,000, kuma ba ta san wanne zai same ta ba.

5. Yadda a ke tambayar lokaci

Dabarar da yawancin kwamfutocin duniya su ke bi sunanta NTP. Wani malami mai suna David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, shi ya tsara ta, aka buga bayaninta na farko a 1985, na huɗu kuma a 2010. An jera kwamfutoci hawa-hawa. Wadda ta ke haɗe da agogon zarra ko da na'urar GPS ita ce hawa na 1, wadda ta karɓa daga gare ta hawa na 2, haka har ƙasa, kamar yadda a ke jera isnadin karatu daga malami zuwa malami.

Bari mu yi misali da mutane domin a ga yadda lissafin ya ke. A ce wani mutum a Batsari yana so ya gyara agogonsa da na wani a Safana wanda aka yarda da shi. Sai ya tashi manzo da ƙarfe 8:00 bisa agogonsa. Manzo ya isa Safana, mutumin can ya dubi nasa agogo ya rubuta 9:05. Ya ba manzo ruwa, ya sallame shi, ya rubuta 9:15. Manzo ya dawo Batsari, mai aike ya dubi agogonsa ya ga 10:10. Yanzu yana da lokuta 4. Manzo ya yi minti 130 ba ya nan, a cire minti 10 da ya zauna a Safana, saura 120 a kan hanya. In zuwa da dawowa ɗaya ne, to, zuwa minti 60 ne. Ke nan sa'ad da manzo ya isa, agogon Batsari yana 9:00, na Safana kuwa ya ce 9:05. Agogon Batsari ya makara da minti 5. Mai karatu ya lura ba a bukaci agogon biyu su yi daidai tun farko ba, domin minti 130 da agogo ɗaya aka auna su, minti 10 ma da agogo ɗaya.

Amma akwai rami a cikin wannan lissafi, shi ne cewa zuwa da dawowa ɗaya ne. A ce a zuwa manzo ya tarar da rafi ya kawo ruwa ya yi minti 70, a dawowa ya yi 50. Jimla tana nan 120, lokutan nan 4 ba su sāke ba, mai aike kuma ba shi da hanyar ganewa. Gaskiyar magana kuwa manzo ya isa ne da 9:10 bisa agogon Batsari, watau agogon Batsari gaba ya ke da minti 5. An yi kuskuren minti 10, wanda shi ne rabin bambancin da ya ke tsakanin zuwa da dawowa. Daga nan a ke fitar da ƙa'ida mai amfani: kuskure ba zai taɓa wuce rabin dukan tafiyar ba. Gwargwadon gajartar tafiya, gwargwadon amincin amsa. Haka kwamfuta ta ke yi, sai dai nata manzo ɗan saƙo ne da ya ke zuwa ya dawo cikin kashi kaɗan na sakan. A kan intanet a kan sami daidaito na kashi 10 ko 20 ko fiye cikin 1,000 na sakan, a cikin gini ɗaya kuwa a kan sauka ƙasa da kashi 1 cikin 1,000.

6. Jiran zaure da maganinsa

Yanzu sai mu haɗa sashe na 4 da na 5. A ce manzo ya dawo da 10:10, amma ya tarar da mai aike yana sauraron wasu, ya zauna a zaure minti 6 kafin a kira shi. Mai aike zai rubuta 10:16. Lissafinsa zai ba shi minti 126 a hanya, zuwa 63, sai ya ce agogonsa ya makara da minti 2 maimakon 5. Jiran minti 6 ya haifar da kuskuren minti 3. Gobe kuma jiran ya zama minti 1, jibi minti 9. Wannan ita ce ainihin cutar kwamfuta mai ayyuka da yawa: jinkirin da ba a san tsawonsa ba tsakanin isowar saƙo da rubuta lokacin isowarsa. Masana sun yi mata magani ta hanyoyi da dama.

Na farko, a sa mai tsaron ƙofa ya rubuta lokaci da zarar manzo ya sauka, tun bai shiga layi ba. A kwamfuta wannan yana nufin zuciyar babbar manhaja ta buga wa saƙo hatimin lokaci a daidai sa'ad da aka yi sallama. Wanda ya fi wannan kyau shi ne na'urar da ta ke karɓar saƙo daga waya ita da kanta ta buga hatimin, tun manhaja ba ta san ya iso ba. A kan wannan aka gina tsarin PTP, wanda aka fitar a 2002 aka sabunta a 2008, da shi kuwa a kan sami daidaito ƙasa da kashi 1 cikin miliyan na sakan.

Na biyu, kada a dogara ga aike ɗaya. NTP ta kan ajiye amsoshi 8 na baya-bayan nan daga kowane mai ba da lokaci, ta fi ba da gaskiya ga wadda tafiyarta ta fi gajarta, tun da ita ce kuskurenta ya fi ƙanƙanta bisa ƙa'idar da muka ambata.

Na uku, kada a dogara ga shaida ɗaya. Mai agogo biyu da suka saɓa bai san wanda zai bi ba, amma in ya tambayi 4, uku suka haɗu a kan abu ɗaya, ya san wanda zai yar. Kowane shaida ya kan ba da lokaci tare da iyakar kuskurensa, sai a nemi wurin da mafi yawansu suka yi tarayya.

Na huɗu, a koyi halin dutsen. In an lura kullum agogo yana makara da sakan 1.7, ba sai an yi ta aike ba, sai a ƙara masa sauri da wannan gwargwado. Kwamfuta ta kan rubuta wannan adadi ta ajiye, ta yi amfani da shi ko an kashe ta an kunna. Shi ya sa NTP ta kan fara da tambaya kowane sakan 64, in ta natsu ta ja har zuwa sakan 1,024.

Na biyar, a ba mai aikin lokaci girma a wurin mai rabon aiki, yadda in ya zo za a katse kowa a saurare shi. An yi shekaru ana gyaran Linux domin a ƙayyade iyakar jiran da aiki mai gaggawa zai yi, a 2024 aka shigar da wannan gyara cikin asalinta. In kuma ana son abin da ya fi, sai a haɗa kwamfuta da na'urar GPS mai bugun wuta sau 1 a farkon kowane sakan, kamar yadda a ke buga ƙarfe a makaranta.

7. Ƙarfe da awa

In an gano kuskure, saura yadda za a gyara. A nan harshen Hausa ya riga ya raba abin da masu kwamfuta suka sha wuya kafin su raba. In mutum ya ce ƙarfe 3, yana faɗin wuri ne a cikin yini. In ya ce awa 3, yana faɗin tsawo. Ba Bahaushen da zai ce ya yi tafiyar ƙarfe 3, ko ya ce a haɗu da awa 3 na yamma. Kwamfuta ma agogo biyu ta ke riƙewa. Ɗaya na ƙarfe, wanda ya ke faɗin kwanan wata da sa'a, shi a ke gyarawa. Ɗaya na awa, wanda ya ke ƙidaya gaba kawai tun da aka kunna na'ura, ba ya tsalle, ba ya komawa baya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta. Manhajar irin wannan jarrabawa, in da za ta auna lokacin ɗalibi da agogon ƙarfe, aka zo aka tura agogon gaba da minti 5 ana cikin rubutu, da an ci masa minti 5. Saboda haka tsawo da agogon awa ya kamata a auna shi.

Shi ma agogon ƙarfe ba a son a fizge shi. In aka mai da shi baya farat ɗaya, sakan ɗaya zai zo sau biyu, a littafin banki sai a ga an cire kuɗi kafin a zuba su. Don haka in kuskure kaɗan ne, a kan rage wa agogo sauri ko a ƙara, har ya cim ma gaskiya sannu a hankali. Iyakar wannan jan da aka saba shi ne kashi 500 cikin miliyan, watau gyaran sakan 1 zai ci sakan 2,000, fiye da rabin awa. Sai kuskure ya wuce kashi 128 cikin 1,000 na sakan a kan yarda a yi tsalle.

An ga illar wasa da wannan a fili. Da ya ke juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon zarra, tun 1972 a kan ƙara sakan 1 a ƙarshen Yuni ko Disamba in bukata ta taso. An yi haka sau 27, na ƙarshe a Disamba 2016. Ƙarin da aka yi a ƙarshen Yuni 2012 ya tono wani aibi a cikin Linux, kwamfutoci masu yawa suka rikice, har tashin jiragen sama ya yi jinkiri a Ostireliya. Kamfanin Google ya kan baza wannan sakan cikin awa 24 domin kada a ji tsallen. A 2022 babban taron awo na duniya ya yanke shawarar a daina wannan ƙari kafin 2035 ta wuce.

8. Batsari da Safana a 2021

Wayar hannu hanya biyu ta ke samun gyara: ko ƙarfen sabis ya gaya mata lokaci sa'ad da ta haɗu da shi, ko ta tambaya ta intanet kamar yadda muka bayyana. Su kansu ƙarafan sabis sun fi kowa bukatar daidaito, domin a wasu tsare-tsaren 4G da 5G ba a yarda ƙarfe ya saɓa wa lokaci da fiye da kashi 1.5 cikin miliyan na sakan ba, in ba haka ba maganar wani ta hau ta wani.

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ɓarnar 'yan bindiga da su ke fitowa daga dazuzzuka irin Dajin Rugu. Batsari da Safana suna cikinsu, tare da Jibiya, da Ɗanmusa, da Ƙanƙara, da Faskari, da sauransu. Sai a watan Disamba aka fara buɗewa. Asarar da jama'a suka yi ta ciniki da zumunci da neman agaji ta fi gaban maganar agogo, amma ga mai nazarin wannan fanni akwai abin lura. Duk wayar da ta zauna a wurin ba ta fita ba, ta koma kan dutsenta ita kaɗai. Bisa lissafin sashe na 3, waya biyu da suka fara daidai, ɗaya mai gudu ɗaya mai makara, suna iya rabuwa da minti 5 cikin wata 3. Ƙaramar waya kuwa, irin wadda a ke cire wa batir a kai caji, da yawa cikinsu su kan manta kwanan wata gaba ɗaya, sai mai ita ya sa da hannu. Abin da ya rage na gyara shi ne rediyo da rana, su ne kuwa ba a iya rufewa.

In sabis ya dawo, wayar da agogonta ya yi nisa da gaskiya ta kan gamu da cikas. Shaidar tsaro da shafukan banki su ke nunawa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, wayar da ta ɗauka tana cikin wata shekara dabam za ta ƙi ta. WhatsApp ta kan ƙi buɗewa ta ce a gyara kwanan wata. Lambar sirri da wasu manhajoji su ke fitarwa ta kan sāke kowane sakan 30, daga lokaci a ke lissafa ta, in agogon waya ya kauce sai a ce lambar ba daidai ba ce. Mai sana'ar POS da ya ga haka, abin da zai fara dubawa shi ne ko an bar na'urarsa ta karɓi lokaci da kanta.

9. Kalmomi ga malami

Yawancin kalmominmu na awon lokaci aro ne. Lokaci da sa'a da daƙiƙa daga Larabci, awa da minti da sakan daga Turanci, agogo daga Yarabanci inda ma'anarsa ƙararrawa. Ƙarfe kuwa namu ne, daga ƙarfen da a ke bugawa a bariki da makaranta domin a sanar da sa'a. Wadda ta ke da haɗari a cikinsu ita ce daƙiƙa. A Larabci minti ta ke nufi, a Hausa kuwa wasu marubuta sun ɗauke ta a matsayin sakan, wasu sun bar ta a minti. A hira wannan ba kome, amma a darasin da bambancin ya ke ninki 60, ɗalibi zai ɓata. Shawararmu ita ce a littafin kimiyya a tsaya ga awa da minti da sakan, ga ƙananan rabe-rabe kuma a ce milisakan ga kashi 1 cikin 1,000, maikrosakan ga kashi 1 cikin miliyan, bayan an bayyana su sau ɗaya. Mai rabon aiki, da sallama, da hatimin lokaci, da agogon ƙarfe, da agogon awa, mun kawo su ne a gwada a aji, a ga waɗanda za su zauna a bakin ɗalibai.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da kowace kwalejin horon malamai za ta iya yi ba da kuɗi ba. A tara waya 5, a daidaita su da sanarwar ƙarfe ta rediyo, a kashe musu karɓar lokaci da kansu. A yi amfani da akwatin rediyo na sosai, domin rediyon da a ke saurara ta intanet ya kan makara da sakan da yawa. Kowace Juma'a ɗalibai su rubuta yadda kowace ta kauce, har ƙarshen zango. Za su ga kowace waya tana da nata hali, wata gudu wata makara, kuma kaucewar tana tafiya kusan bisa ƙa'ida. Daga jadawalin da suka rubuta sai malami ya sa su lissafa kuskuren kowace a cikin miliyan, su kuma faɗi inda za ta kai bayan wata 3 in ba a taɓa ta ba.